Gidan Kawusan na Agadas: Tarihin Wani Tsohon Otal da Abin da Yaran Gari Suka Riƙe

A tsakiyar tsohon garin Agadas, wajen unguwar Katanga, akwai gine-gine uku na ƙasa waɗanda suke maƙwabtaka da juna. Na farko shi ne fadar Sarkin Abzin. Na biyu Babban Masallaci, mai hasumiyar nan da ta kai mita 27, wadda ake danganta asalinta da shekarar 1515, aka kuma sake gina ta a 1844. Na uku shi ne gidan da matafiya suka sani da sunan Hôtel de l'Aïr, watau Otal ɗin Abzin. Masana sun yi rubutu mai yawa a kan fada da masallaci. Shi kuwa na ukun, galibi akan ambace shi ne a littattafan jagoran 'yan yawon buɗe ido, a faɗi kuɗin ɗaki da kyan bene, a wuce. Alhali kuwa shi ne ƙarami a shekaru, amma shi ne ya fi sauran canza baƙi, kuma duk wanda ya bi jerin baƙin nan ɗaya bayan ɗaya zai ga abin da ya sami garin a cikin shekara ɗari da suka wuce.

Ya kamata a tuna tun da fari cewa Agadas ɗin da ake magana a kansa ƙaramin gari ne. A ƙidayar 1977 mutanensa kimanin 20,000 ne kawai, ba kamar a 2012 ba da suka haura 100,000. A gari irin wannan babu baƙon da zai shigo a ɓoye, kuma babu yaron da bai san ƙofar da baƙin suke shiga ba.

Baƙo da masaukinsa kafin zuwan mota

Kalmar masauki daga sauka ta fito, kuma a al'adar fatauci ta ƙasar Hausa da Abzin ba a raba masauki da mai masauki. Falke in ya iso gari, wurin mutum yake sauka. Fatoma ko maigida shi zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan an ci bashi ko rigima ta taso. Ladansa yana fitowa ne daga la'adar ciniki da kuma zumuncin da kan daɗe har ya kai ga 'ya'ya da jikoki. Ayari kuwa, da raƙumansa da jakunansa, a zango yake yada kaya a bayan gari. A Agadas har sarauta aka yi domin wannan aiki, watau Sarkin Turawa, wanda yake kula da fatake Larabawa masu zuwa daga arewa. A nan akwai abin lura ga mai nazarin harshe: a wancan zamani Larabawa ake kira Turawa, daga baya ne sunan ya koma kan mutanen Turai, waɗanda a Nijar aka fi kira Nasara.

Sa'ad da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Agadas a watan Oktoba na 1850, bisa wannan tsari aka sauke shi. An ba shi ɗaya daga cikin gidajen Annur, shugaban nan na Kel Owi wanda yake ƙarƙashin kariyarsa tun daga Tintellus. Ya ƙiyasta mutanen garin a kan 7,000, ya kuma ga kangaye da yawa, alamar cewa garin ya taɓa fin haka girma. Kafin shi da shekaru masu yawa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo garin yana biye da malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Da falke da almajiri da mai yawon bincike, kowannensu yana da wanda zai ce baƙona ne.

Otal wani abu ne dabam. A otal kuɗi ne yake tsaya wa baƙo, ba ya bukatar sanin kowa, kowa kuma ba ya ɗaukar alhakinsa. Watakila wannan yana daga cikin dalilan da suka sa kalmar ba ta taɓa samun cikakken mutunci a bakin Bahaushe ba. Har yau idan aka ce wane ɗan otal ne, ba yabonsa aka yi ba, giya da sauran abin da ke biye da ita ake nufi.

Kwana saba'in da 'yan kai

Shi wannan gida ba domin haya aka gina shi ba. Bayanan da aka gabatar lokacin da ake neman sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya sun nuna cewa fada ce da aka gina a 1917 domin Kawusan, wanda Faransawa suke rubutawa Kaocen. Mai masaukinsa kuwa shi ne Sarkin Abzin Abdurrahman Tagama. Ashe ke nan gidan ya fara rayuwarsa bisa tsohuwar al'ada: sarki ya yi babban baƙo, ya tanadar masa wuri kusa da fada da masallaci.

Kawusan Ba'abzine ne daga ƙabilar Ikazkazan, an haife shi wajen 1880. Ya shiga ɗariƙar Sanusiyya, ya yaƙi Faransawa a arewacin Cadi, sa'an nan ya koma Fezzan, inda ya samu bindigogi na zamani da igwa daga cikin makaman da aka ƙwace a hannun Italiyawa. Su kuwa Faransawa sun zauna a Agadas sosai tun 1906, kuma su ne suka ɗora Tagama a kan gadon sarauta, suna ganin nasu ne. Amma zaluncin harajin da ƙwacen raƙuma domin aikin soja, ga fari da yunwar 1913 zuwa 1914, sun riga sun cika wa Abzinawa ciki. Tagama ya daɗe yana musayar wasiƙu da Kawusan a asirce. Ranar 13 ga Disamba 1916 aka tsare barikin Faransawa, ranar 17 ga wata Kawusan ya iso da rundunarsa. Kafin watan ya ƙare an yi wa sojojin raƙuma masu rakiyar ayarin gishiri daga Bilma kwanton ɓauna, aka hallaka su. Barikin dai bai faɗi ba. Ranar 3 ga Maris 1917 dakarun agaji suka iso daga Damagaram, Ingilishi ma suka taimaka da sojoji daga Nijeriya, domin su ma suna tsoron kada wutar ta ci har Kano da Sakkwato.

In aka ƙirga, zaman Kawusan a Agadas bai wuce kwana saba'in da 'yan kai ba. Wannan shi ne dukkan zamanin da gidan ya yi yana fada.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi nauyi a tarihin garin. Kawusan da Tagama da mayaƙansu sun janye zuwa cikin duwatsun Abzin. Waɗanda suka rage su ne mutanen gari, waɗanda ba su da raƙumin gudu: malamai, da 'yan kasuwa, da masu sana'a, da mata da yara. Malamai suka taru a masallaci suna neman amana, aka fito da su aka karkashe. Adadin waɗanda aka kashe a bainar jama'a a Agadas da Ingal ya kai wajen 130. Bayan haka aka bi ƙauyukan Abzin ana tashin su, ana kwashe dabbobi, har Angus Buchanan da ya ratsa ƙasar a 1920 ya tarar da garuruwa da yawa babu kowa a ciki. Kawusan bai faɗa hannun Faransawa ba, abokan hamayyarsa na Fezzan ne suka rataye shi a Murzuk a watan Janairu 1919. Tagama kuwa an kama shi, ya mutu a kurkukun Damagaram a watan Afrilu 1920. Hukuma ta ce shi ya kashe kansa, amma daga baya ta bayyana cewa shaƙe shi aka yi.

Bayan samun mulkin kai a 1960, tarihin ƙasa ya ɗauki mutanen biyu a matsayin gwarzayen da suka ƙi mulkin mallaka. An raɗa wa babbar makarantar sakandare ta Agadas sunan Tagama, André Salifou kuma ya wallafa littafinsa a kan Kawusan a 1973. Wannan daidai ne, ba mai musun jaruntakarsu. Sai dai gidan da aka kashe wa kaka a ƙofar masallaci ba lalle ne ya dubi al'amarin da ido ɗaya da littafin makaranta ba. Baƙo ne ya zo da yaƙi, ya tafi, aka bar mai gari da biyan bashi.

Ginin da kansa ya tsira, kuma abin da ya fi ɗaukar ido a cikinsa shi ne babban zauren da daga baya ya zama ɗakin cin abinci. Rufinsa irin na bakan gizo ne, watau a jera itacen azara a bango hawa-hawa, kowane yana ɗan zarce na ƙasansa, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har bakunan su haɗu a sama su ɗauki nauyin rufi. Wannan fasaha ce ta maginan Hausa, irin wadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ta maƙura a Masallacin Juma'a na Zariya. Zaure irin wannan ba a yinsa domin kwana. Domin zaman fada ake yinsa, inda mai shigowa zai ɗaga kai ya ji ƙanƙantar kansa kafin ya faɗi gaisuwa.

Baƙin mota

Daga baya aka mai da fadar otal. Abin da ya kawo bukatar otal a gari kamar Agadas shi ne mota. Daga shekarun 1930 wani kamfanin sufuri na Aljeriya, wanda aka sani da SATT, ya riƙa jigilar fasinja da wasiƙu daga birnin Aljiyas, ta Tamanraset da Agadas da Damagaram, har Kano. Fasinjan wannan mota ba shi da fatoma, ba ya jin Hausa ko Buzanci, ba kuma ciniki ya kawo shi ba. Gado yake so na dare ɗaya, da ruwan wanka, da abinci irin na garinsu.

Amma zamanin da otal ɗin ya yi tashe sosai shi ne tsakanin wajen 1970 da 1990. Abubuwa da dama ne suka haɗu. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, aka kuma shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, wadda aka gama a farkon shekarun 1980. Samarin Turai suka gano cewa suna iya sayen tsohuwar Peugeot 404 ko 504 da arha a Faransa, su ƙetare Sahara da ita, su sayar a Nijar ko Nijeriya, su koma gida a jirgi da ribarsu. Gasar motoci ta Paris zuwa Dakar ta ratsa Agadas tun a zagayenta na farko a watan Janairu 1979, ta kuma ci gaba da dawowa. Mano Dayak ya kafa kamfaninsa na kai baƙi cikin Tenere, wasu suka bi sahunsa. Har fim aka zo ɗauka: Bernardo Bertolucci ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa da ya fito a 1990 a cikin tsohon garin. Duk lokacin ɗari, daga bayan kaka zuwa shigowar bazara, filin da ke gaban masallaci ba ya rabuwa da motoci masu ƙura.

Abin da yaro ya gani

Waɗanda suka yi ƙuruciya a unguwannin tsohon gari cikin waɗannan shekaru yanzu su ne manyan gari, masu shekara hamsin zuwa sittin da ɗoriya. Tunaninsu game da otal ɗin yana da wata siffa da ya kamata mai tarihi ya lura da ita: kusan dukkansa tunanin waje ne. Yaro ya san ƙofar, ya san inuwar bangon, ya san inda ake ajiye motoci, ya san mai gadi da halinsa. Zauren bakan gizo kuwa, wanda magina na garinsu suka gina, sai dai leƙe. Yaron gidan mutunci ba ya shiga otal, don ana sayar da giya a ciki, kuma ko da iyaye sun bari, mai gadi ba zai bari ba.

Abin da ya fi zama a ido shi ne benen. Da yamma baƙi sukan hau saman otal ɗin su zauna suna fuskantar hasumiya, suna jiran rana ta faɗi a ɗauki hoto. Ladan yana kiran magariba, mutane suna ta shigewa masallaci, su kuwa suna sama da kofunansu. Baƙi suna kallon hasumiya, yara a ƙasa suna kallon baƙi. Da wuya a ce ga wanda ya fi wani mamaki.

Faransancin farko da yara da yawa suka koya ba a aji suka koye shi ba, a wannan ƙofa ne: musye, madam, sai kuma kado, watau kyauta, kalmar da ta zama kamar sallama ga duk farar fata. Abin da ake samu bai taka kara ya karya ba, biro ne, ko alewa, ko 'yan sulalla. Gwangwanin kifi da na madara da baƙi suka zubar su ne ake bugawa a yi motar wasa, kuma bayan kowace gasar Dakar sai yayin motocin wasan ya canza, a yi masu lamba da tayar ajiya a baya. Wanda ya ɗan tasa sai ya wuce roƙo ya shiga aiki: gadin mota, ko wanke ta, ko raka baƙo wurin mai kula da masallaci domin a hau hasumiya ta matsattsen matakalarta, ko kai shi wurin maƙeran azurfa ya sayi abin wuyan nan da Faransawa suka raɗa wa suna gicciyen Agadas. Maƙeri yakan ba yaron ɗan wani abu idan ciniki ya faɗa. Har suna aka yi wa samarin da suka mai da wannan sana'a, ana kiransu da Faransanci shas-turis, watau mafarautan baƙi. In aka duba da kyau, dillanci ne na dā ya sake tufafi: baƙon otal ba shi da fatoma, sai yaran gari suka cike gurbin, da la'adarsu da kome. Malamin allo da malamin boko kuwa ba su ga abin sha'awa a ciki ba, domin ranar da motocin gasa suka shigo gari, bulala ce kaɗai take mai da yaro wurin karatu.

Akwai kuma ranakun da abin yake juyawa, filin ya koma hannun masu shi. Ran Salla, sa'ad da Sarki ya hau da dogarai da masu algaita, ko lokacin bikin Biyanu a watan Muharram, da gari yake rabuwa gabas da yamma, samari su sha rawani su fito da ganguna suna rawa har su je su kwana a bayan gari su dawo da ganyen dabino. A irin waɗannan ranaku baƙin otal su ne 'yan kallo a gefe, ba wanda ya damu da su.

To, ga inda lissafin shekaru yake da amfani. Wanda yake da shekara goma a 1917, a 1975 yana da sittin da takwas. Ke nan yaran da suke tsaye a ƙofar otal suna cewa kado, kakanninsu da suka ga shigowar Kawusan da kisan malamai suna nan da rai a cikin gida. Yaro ɗaya yana iya jin labarin ranar da Nasara suka zubar da jini a masallaci da dare, gari ya waye ya je ya wanke motar jikokin Nasaran a ƙofar gidan Kawusan, ba tare da ya ga wani saɓani ba. Yaro ba ya haɗa irin waɗannan abubuwa, sai ya girma. Wannan tsara ita ce ta ƙarshe da ta ji labarin 1917 daga bakin waɗanda suka gani da ido, kuma ita ce ta ga tashen otal ɗin. Abin da ke bakinsu ya fi abin da ke cikin rahotannin kwamandojin Faransa ta wani fanni, domin rahoto ya ƙirga gawa, bai faɗi gidan wa aka shiga ba.

Duk da haka, tunanin ƙuruciya shaida ce da ake karɓa da taka-tsantsan. Yana da ƙarfi wajen wuri, da ƙamshi, da kalma, da fuskar mutum. Yana da rauni wajen shekara da dalili, yakan narkar da damina goma ta zama ɗaya. Ya fi kome son ya mai da zamanin da mutum yake yaro zamanin jin daɗi. Alhali shekarun da ake kira na albarkar baƙi su ne kuma shekarun farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985, lokacin da makiyayan da dabbobinsu suka ƙare suka yi bukkoki a gefen gari suna jiran rabon tsaba. Yaron da ya taso a waɗannan bukkoki shi ma ya san ƙofar otal ɗin, amma kado a bakinsa ba wasa ba ne. Daga cikin irinsu ne da yawa suka tafi Libiya da Aljeriya neman abin yi, wasu kuma suka dawo da bindiga. Wanda ya tattara labarin 'yan Katanga kaɗai, ya bar na 'yan bukkoki, rabin labari ya samu.

Bayan 1990

Kasuwar ta watse da sauri. Rikicin Cintabaraden a watan Mayu 1990 ya buɗe ƙofar tawayen Abzinawa, yaƙin cikin gida na Aljeriya daga 1992 ya toshe hanyar masu kawo motoci. An sa hannu a kan sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgi a watan Disamba na wannan shekara, aka sa wa filin jirgin saman garin sunansa. Baƙi sun dawo na 'yan shekaru, jirage suna sauka kai-tsaye daga Faransa, sai tawaye na biyu ya ɓarke daga 2007 zuwa 2009, aka kuma sace ma'aikata a Arlit a watan Satumba 2010. A watan Yuni 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya, aka lissafa gidan Kawusan cikin muhimman gine-ginensa. Wata ɗaya kafin haka aka kai harin bam a barikin sojan garin, ranar 23 ga Mayu. Shaidar girma ta iso a lokacin da babu mai zuwa kallo.

Baƙi dai ba su daina zuwa Agadas ba, irinsu ne ya canza. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, dubban samari daga Nijeriya, da Gambiya, da Senegal, da Gini da sauran ƙasashe suka riƙa sauka a garin a kan hanyarsu ta zuwa Libiya. Waɗannan ba su da kuɗin otal, ba su kuma zo ganin hasumiya ba. A gidajen bayan gari da ake kira geto suke sauka, wurin mutumin da zai ba su tabarma, ya ajiye musu kuɗi, ya haɗa su da direba, ya karɓi la'adarsa. Wasu tsofaffin direbobi da jagororin 'yan yawon buɗe ido, waɗanda suka fara sana'a suna yara a ƙofar otal, su ne suka koma wannan jigila, domin su suka san rijiyoyin Tenere. Dokar 2015 ta haramta aikin, aka kama mutane aka ƙwace motoci, sa'an nan aka soke dokar a watan Nuwamba 2023. Motocin sukan tashi ran Litinin, su bi ta Dirku su nufi Fezzan, ƙasar da Kawusan ya fito da igwarsa, inda kuma aka rataye shi.